Ƙafar Gauraka

Ni dai gyaran waya aka kira ni.
Bappah Tela ya aiko jikansa da yamma:
"Wai ka zo garejin bayan masaƙa,
fitilun tsuntsuwarmu sun ƙi kamawa."

Shekara talatin ina hawan turakun lantarki
daga Herwagana har Tumfure,
sai da wani turke ya yar da ni a Bolari,
ya bar mini ƙafar hagu tana jinkiri
kamar mai bin bashi a gidan suruki.

Na same su sun fi ashirin,
ga gauraka ta kwali da ƙarfen tsohon gado,
ta fi ƙofa tsawo, an kwantar da wuyanta a benci.
Gashinta buhun taki ne, an wanke an rina,
tukkunta tsintsiya ce da ta sha fenti ruwan ƙwai.
Na duba ciki, an ɗaura wa ja da baƙi aure.
Na raba su.
Idonta ya buɗe ja wur,
yara suka yi ihu sai ka ce ni na halicce ta.

Na mai da filaya aljihu zan wuce,
Saratu mai littafi ta tare ƙofa:
"Baba, shiga ɗari biyar,
sai ɗari duk Asabar, na fenti da zoɓo."
Na ce ba shiga na zo yi ba.
Ta ce to, tana rubuta sunana.

Asabar uku ina zuwa duba batir kawai.
A ta huɗu, yaron da ke shiga cikinta
ya sami tuƙin mota a Kumo.
Aka bi kafaɗu da tef ɗin Bappah,
tawa ce ta zauna daidai.

Ciki zafi, ga warin gam,
taga ɗaya, tafin hannu ya fi ta faɗi.
Na ce wa Yila mai ganga,
"Ƙafata ba ta bin kiɗa."
Ya sa na yi tafiya daga bango zuwa bango,
ya karkata kai yana sauraro,
sannan ya buga biyu, ya bar gurbi, ya buga ɗaya.
A gurbin nan ta hagu ke isowa.

Maiɗakina ta ce tsufa ya zo mini da fiffike.
A majalisa Malam Hammadu ya ce girma ya faɗi.
Na ce na taɓa faɗowa daga inda ya fi nan,
ba wanda ya buga mini ganga.

Ranar zagayen gari muka fito da hantsi,
'yan Jekadafari da jirgin ruwa a kan amalanke,
'yan Pantami sun yi raƙumin dawa, wuyansa ya karye tun a sha-tale-tale,
mu muna bayansu.
Ban ga taron ba.
Ƙafafu na gani: silifa, kambas, lalle,
ƙafar ɗan sanda tana satar rawa.
Na ji wata mai awara tana rantsuwa
haka gauraka ke taku a fadamar garinsu,
ɗaga ƙafa, dakata, sannan ajiyewa,
wai wanda ke ciki ya koyo a daji.

Kusa da tsohuwar kasuwa
wata 'yar murya ta tsaga kiɗa:
"Takalmin Kaka ne!"
Na sunkuyar da dogon wuyan nan a hankali
har tsintsiya ta shafi goshinta.
Ta yi kuka, ta yi dariya, ta riƙe gashin buhu,
ta bi ni har filin taro.

Ba mu ci kofi ba, jirgin ruwa ya ci.
Fiffiken dama ya yage,
bayana ya kwana uku yana zagina.
Asabar na kai wa Saratu ɗarinta.
Ta ce baɗi kada suke so su yi.
Na ce a bari in gwada, kada ma ai ba ya sauri a tudu.